Za a iya canza katin girafik na laftof, ko sai dai a haɗa mata na waje?

Mai_Zane_Kano ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da HP EliteBook 840 G5, furosesa i5-8350U, RAM 8GB sanda ɗaya, SSD 256GB, girafik ɗinta kuma Intel UHD 620 ne. Zanen gine-gine nake yi da ita. AutoCAD tana ɗauka lafiya, Revit tana lallaɓawa, amma Lumion ko renda (fitar da hoton ƙarshe na zane) a Blender sai ta tsaya cik, fanka ta yi ta ihu. Wani mai gyara ya ce zai iya cire girafik ɗin ya sa min na Nvidia. Gaskiya ne? Na kuma ga ana cewa ana ƙara VRAM, wato ƙwaƙwalwar girafik, ta cikin BIOS, saitin nan da ake shiga kafin Windows ta tashi. Sannan akwai akwatin nan da ake kira eGPU, wanda ake sa katin girafik a ciki a haɗa da laftof daga waje, shin zai yi aiki da irin tawa, me da me zan saya, kuma yaya zai kasance da irin wutarmu? Allah ya saka da alheri.

Bod_da_Dalma ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Kar ka ba mai gyaran nan kwamfutarka. Babu wani girafik da zai cire a cikinta, domin UHD 620 ba kati ba ne, wani sashe ne a cikin furosesar kanta, ita kuma furosesar an liƙa ta a jikin bod da ɗaruruwan ƙwayoyin dalma, abin da ake kira BGA. Ko da yana da injin ɗaga ta, babu inda zai ɗora guntun Nvidia. Guntun girafik na daban yana bukatar nasa gurbin a bod, da gurbin ƙwayoyin VRAM, da sashen da zai ba shi wuta, da bututun jan zafi da zai bi ta kansa, sannan BIOS ta san da zamansa. Akwai 840 G5 da ta fito daga kamfani da Radeon RX 540 mai 2GB, amma bod ɗinta daban ne da naka, kuma ko ka canza bod gaba ɗaya, RX 540 ba zai ishe ka Lumion ba.

Laftof ɗin da ake iya canza wa kati su ne masu gurbin MXM, tsarin da Nvidia ta fito da shi a 2004. Manyan injina ne masu kauri, irin su Dell Precision 7710, HP ZBook 17 na da, tsofaffin Alienware da wasu Clevo. Katin iri biyu ne, A mai 82 da 70 milimita, B mai 82 da 105. Su ɗin ma ba a cewa saya ka soka kawai: sai bututun zafi ya dace da sabon katin, caja ta iya ɗaukar wutarsa, BIOS ta yarda da shi, wani lokaci har sai an gyara fayil ɗin INF na direba kafin ya shiga. Dell daga baya ta koma nata tsarin, DGFF, wanda ba ya shiga ta kowa. A sababbi, Framework Laptop 16 ce aka ƙera da niyyar a zare girafik a sa wani. Taka ba ta cikin ko ɗaya.

Maganar VRAM ta BIOS kuwa ruɗi ne. UHD 620 ba shi da ƙwaƙwalwar kansa, daga RAM ɗinka yake aro, kuma Windows tana ba shi har kusan rabinta idan ya bukata. 128MB ɗin da kake gani an rubuta kason da aka keɓe masa ne tun daga tashi. Idan ka mayar da shi 512MB, wata manhaja za ta daina ƙorafi wajen buɗewa, amma gudu ba zai ƙaru ba ko kaɗan.

Abin da zai taimaka da gaske a cikin injin shi ne sanda ta biyu ta RAM. Gurbi biyu gare ta. Sanda ɗaya ta DDR4-2400 tana ba da 19.2GB a sakan, biyu masu girma ɗaya suna ba da 38.4. Tunda girafik ɗin daga nan yake sha, za ka ji bambanci a Revit da juya zane. Sayi 8GB ta biyu, ko 16GB biyu idan da hali. Amma don ka san tazarar, ƙwaƙwalwar RTX 3060 tana ba da 360GB a sakan.

Layi_Huɗu ya rubuta:

Abin da Malam Bod ya faɗa haka yake. Sai dai ka yi sa'a ta ɓangare ɗaya: ƙofar USB-C ta 840 G5 Thunderbolt 3 ce, irin ƙofar da akwatin eGPU ke bukata. Da 840 G3 ce da magana ta ƙare, don USB-C ɗinta ba ta ɗaukar PCIe, hanyar da katin girafik ke magana da furosesa. Mutane da yawa a nan suke asarar kuɗi, su ga ƙofa mai siffar USB-C su ɗauka duk ɗaya ne. Ba siffar ake dubawa ba, abin da ke bayanta ake dubawa.

Kafin ka sayi komai, yi waɗannan. Duba ko akwai alamar walƙiya a gefen ƙofar, sannan ka buɗe Device Manager, ƙarƙashin System devices ka nemi Thunderbolt Controller. Wani lokaci ba ya bayyana sai an soka masa wani abu, don haka rashin ganinsa ba hujja ba ce. Daga shafin HP ka sabunta BIOS, da direban Thunderbolt, da famwayarsa. Idan BitLocker, makullin fayiloli na Windows, a kunne take, ka dakatar da ita ko ka rubuta lambarta mai 48 a takarda tukuna, domin taɓa BIOS kan sa ta nemi lambar, kuma wanda bai ajiye ba ya rasa fayilolinsa. Sai ka danna F10 wajen tashi, ka shiga Advanced, Port Options, ka duba matakin tsaron Thunderbolt. Idan an sa shi a kan DisplayPort da USB kaɗai, katin ba zai taɓa bayyana ba. Mayar da shi User Authorization. Yawancin EliteBook na hannu daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, wasu da kalmar sirri a BIOS ɗinsu. Idan taka a kulle take kuma an rufe PCIe, ka warware wannan kafin ka kashe ko kwabo.

Abu na gaba shi ne yawan layi. An rubuta Thunderbolt 3 tana da 40Gbps, amma kason PCIe bai wuce layi huɗu na 3.0 ba, wato 32Gbps, a aikace ma bai cika kaiwa nan ba. Wasu kamfanoni kuma layi biyu kawai suka haɗa, misali Dell XPS 13 9360 da XPS 15 9560. Sa manhajar HWiNFO64, ka bi Bus zuwa PCI Express Root Port ɗin da Thunderbolt ke ƙarƙashinsa, ka ga ko x4 ne (layi huɗu) ko x2 (layi biyu). Kar ka dogara da manhajar GPU-Z a nan, don x4 ɗin da yake nunawa tsakanin katin da akwatin ne, ba tsakanin akwatin da laftof ba.

Akwati iri biyu ne. Akwai rufaffe mai wutarsa a ciki, kamar Razer Core X mai 650W wanda ke cajin laftof har 100W ta kebul ɗaya, ko Sonnet Breakaway Box, ko Akitio Node. Akwai kuma buɗaɗɗen bod irin TH3P4G3, wanda kai za ka kawo masa fawa saflai na kwamfutar tebur. Na biyun ya fi araha nesa, amma katin a fili yake zama, ƙurar hunturu da hannun yara duk suna kai masa.

Kati kuwa, ga irin aikinka RTX 3060 mai 12GB nake ba da shawara. Wutarsa 170W, waya ɗaya mai fil 8 yawanci. RTX 4060 ya fi shi sauri da ƙarancin cin wuta, 115W, amma 8GB gare shi, kuma a renda idan zane ya fi ƙarfin VRAM to saurin bai da amfani. A kan siririyar hanya irin Thunderbolt abin ya fi muni, domin duk abin da bai samu wuri a katin ba sai ya riƙa kai-komo ta kebul. Kula, akwai 3060 mai 8GB a kasuwa, ka karanta kwalin. Ka guji RX 6500 XT, 4GB ne kuma ba shi da sashen matse bidiyo na H.264. Ka guji Intel Arc, yana son wani saitin BIOS mai suna Resizable BAR wanda injinka ba zai ba shi ba. Sayen abin da ya fi 3060 ko 4060 ga wannan furosesar zubar da kuɗi ne.

Abu biyu da ake rainawa: kebul da monita. Yi amfani da gajeren kebul ɗin da ya zo da akwatin, rabin mita. Dogon kebul na Thunderbolt 3 mai mita biyu wanda ba shi da guntu a kansa yana sauka zuwa 20Gbps, kebul ɗin cajin waya kuma ba zai yi komai ba. Monita kuwa ka soka shi a jikin katin kai tsaye, ta DisplayPort ko HDMI. Idan ka ce a sikirin ɗin laftof za ka kalla, kowane hoto sai ya dawo ta kebul ɗin. Yi lissafi: 1920 sau 1080 sau bayit 4 ya ba da kusan 8.3MB, sau 60 a sakan ya kusa 500MB. Duk wannan kaya ne da ka ɗora wa hanyar ba gaira ba dalili.

Wajen haɗawa, kunna akwatin, soka kebul bayan Windows ta gama tashi, amince da na'urar a manhajar Thunderbolt, sannan ka sa direban Nvidia na kwamfutar tebur, nau'in Studio ya fi dacewa da kai. Tunda injinka ba shi da wani guntun Nvidia ko AMD a ciki, ba za ka sha rikicin direbobi ba. Masu shi su ne ke bukatar share tsohon direba da manhajar DDU. Bayan nan gwada gudun hanyar da manhajar CUDA-Z, dubi Host to Device. Sama da 2,000 MiB a sakan alama ce ta layi huɗu. Idan ya tsaya wajen 1,500 ko ƙasa, to layi biyu ne ko kebul ne. A Blender ka shiga Preferences, System, ka zaɓi OptiX, in ba haka ba da furosesa zai ci gaba da renda kana zaton katin ne bai yi ba.

Blender Cycles ne zai fi morar wannan tsari, domin sau ɗaya yake loda zanen cikin katin sannan katin ya yi ta aikinsa. Lumion da wasanni suna magana da furosesa a kowane hoto, don haka su za su fi jin ƙuncin hanyar.

Hajiya_Inbata ta rubuta:

Bayanin Malam Layi daidai ne, amma ni ban ga ya kamata ka bi wannan hanyar ba sai idan dole ne ka riƙa yawo da aikinka a injin guda.

Na farko wuta. Laftof tana da batir, akwatin ba shi da shi. Da an ɗauke wuta katin zai ɓace wa Windows a tsakiyar aiki, renda ta mutu, sau da yawa har da shuɗin sikirin. Wato ka rasa babbar fa'idar laftof a ƙasar nan. Dole sai da UPS, kuma a lissafa shi: kati 170W, cajin laftof 65W, monita wajen 30W, ka ƙara asarar fawa saflai, ka haura 300W. Lambar VA da ke jikin ƙananan UPS ba wat ba ce, ka ninka ta da 0.6. Mai 650VA bai kai 400W ba, kuma da batir ɗinsa guda 'yan mintuna zai riƙe. Nemi 1,200 zuwa 1,500VA. Sannan fawa saflai na zamani masu Active PFC ba sa shiri da inbata ko UPS mai ba da wuta mai kusurwa, wasu su yi ta ƙara, wasu su mutu daidai lokacin sauyawa. Nemi wanda aka rubuta pure sine wave. Ƙaramin janareto irin na masu aski kar ka soka masa kai tsaye. Idan kuma fawa saflai ɗin tsoho ne daga Amurka mai jan makunni a baya, tabbatar yana kan 230 ba 115 ba kafin ya ga soket, in ba haka ba hayaƙi za ka gani.

Na biyu furosesa. i5-8350U mai ƙwaya huɗu ce da aka tsara ta a 15W. Revit kusan duk aikinsa a furosesa yake, katin waje ba zai sa ya buɗe fayil ko ya sabunta zane da sauri ba. A zafin Afrilu kuma, cikin siririn jiki irin na EliteBook, za ta riƙa rage gudu da kanta.

Na uku kuɗi. Ko ta wace hanya sai ka sayi kati, monita da UPS. Bambancin kawai shi ne akwati ko kwamfutar tebur. Je ka tambayi farashin akwatin Thunderbolt, sannan ka tambayi farashin tebur na hannu mai i7-8700 a Beirut Road ko Banex ko Computer Village, ka kwatanta. A tebur katin zai samu layi 16 da furosesa mai ƙwaya shida da 65W. Abin lura shi ne tebur na ofis irin OptiPlex da ProDesk yawanci wutarsu ba ta kai 300W ba, ba su da wayar kati, kuma filoginsu na bod ba irin na kowa ba ne, don haka ba kowane fawa saflai ke shiga ba. A irinsu sai kati marar waya kamar RTX 3050 mai 6GB da ke cin 70W, tunda gurbin PCIe 75W yake bayarwa. Don 3060 gara haɗaɗɗen tebur mai bod na gama-gari da fawa saflai 550W na kirki. Ka guji abin da ya gaza ƙarni na 8 na Intel, Windows 11 ba ta karɓarsa a hukumance, Windows 10 kuma an daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025.

Kati na hannu kuma a gwada shi a gabanka. Akwai tsofaffin GTS 450 da ake sauya wa BIOS su nuna GTX 1050 Ti. GPU-Z yana rubuta FAKE a gaban sunan mafi yawansu. A bar shi ya yi minti 15 a manhajar gwaji ta FurMark kana kallon zafinsa da fankokinsa.

Mai_Zane_Kano ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na duba, x4 HWiNFO ya nuna, BIOS kuma ba a kulle take ba. Hajiya, ina zuwa wurin gini da laftof ɗin, shi ya sa nake son inji ɗaya. Amma na ga wani ƙaramin abu mai suna EXP GDC da wani OCuLink, sun fi akwatin araha sosai. Su fa?

Bod_da_Dalma ya rubuta:

Tunda kana fita da ita, waɗannan ba naka ba ne, ga dalili.

EXP GDC Beast yana shiga ne ta gurbin katin Wi-Fi ko ta ExpressCard. Duka layi ɗaya ne. A tsofaffi irin ThinkPad T430, X230, EliteBook 8470p da Latitude E6430, layin PCIe 2.0 ne, 500MB a sakan, daidai da abin da Malam Layi ya lissafa na dawo da hoto kaɗai. A taka ko ya samu 3.0 bai kai 1GB ba, kuma kebul ɗin Beast ba ya riƙe 3.0 da kyau, sai ka ga sikirin na ɗaukewa. Ga wanda ke da tsohuwar mai ExpressCard da GTX 750 Ti ko 1050 Ti a ajiye, abin wasa ne mai daɗi, don ExpressCard daga waje ake soka shi. Ta gurbin Wi-Fi kuwa sai ka cire katin Wi-Fi ka koma na USB, ka bar murfin ƙasa a buɗe ko ka yanka shi.

Matsalolinsa sanannu ne. Tsofaffin Lenovo da HP suna da jerin katunan da BIOS ta yarda da su a gurbin Wi-Fi, Lenovo sai ta tsaya da kuskure 1802 ta ƙi tashi. Sai Code 12 a Device Manager, ma'ana BIOS ba ta bar wa katin isasshen fili ba a adireshin ƙwaƙwalwa da ke ƙasa da 4GB. Maganinsa sabunta BIOS, ko kashe na'urorin da ba a bukata, ko gyaran teburin DSDT don a buɗe masa fili a sama, wanda ba aikin sabon shiga ba ne. Sai Code 43 a katunan GTX 10 zuwa sama da direbobin da suka biyo bayan 372.70, wanda ake warwarewa da ƙaramin fayil mai gyara rajista, kuma a maimaita duk lokacin da aka sabunta direba. Wutarsa ko cajar Dell DA-2 mai 220W da 12V, ko fawa saflai na tebur. Idan bod ɗin bai kunna fawa saflai da kansa ba, ana haɗa koriyar waya da baƙa a filogi mai fil 24.

OCuLink daban ne, shi abu ne mai kyau. PCIe ne tsantsa, layi huɗu, ba tare da naɗe shi cikin Thunderbolt ba. A injin da ke da PCIe 4.0 yana kai kusan 64Gbps, ya fi Thunderbolt 3 da 4. Ana sa ƙaramin adafta a gurbin M.2 na SSD, kebul ya fito zuwa bod irin Minisforum DEG1. ADT-Link R43SG ma haka yake aiki, sai dai kebul ɗinsa a manne yake. Sharaɗi shi ne gurbin ya zama NVMe, mai SATA kaɗai ba shi da PCIe ko ɗaya. Matsalarka ita ce gurbin SSD ɗaya ne a 840 G5, babu na faifai mai inci 2.5. Idan ka ba wa kati, Windows sai ta koma tashi daga USB. Furosesarka kuma 3.0 ce, iyakarta kusan 3.9GB a sakan, ribar a kan Thunderbolt ɗinka ba ta kai wahalar ba. Sannan ba a soka shi ko zare shi injin na kunne. Kashe laftof, kunna wutar kati, sannan ka tada laftof, kullum. Filogin M.2 kuma ba a yi shi don yawan cirewa da mayarwa ba.

Layi_Huɗu ya rubuta:

Tunda x4 ne, to Thunderbolt ɗin. Fara da RAM ta biyu, ka sa a buɗe injin a busa ƙurar fanka a canza man zafi na furosesa, don injin 2018 ne. Sannan bod ko akwati, 3060 mai 12GB, monita, da UPS ɗin da Hajiya ta lissafa. Idan bod buɗaɗɗe ka saya, duba wat nawa yake ba laftof ta kebul. Idan bai kai 65W ba, bar cajarta ta asali a soke, tana da ƙofarta daban.

Kafin ka zare kebul, rufe Blender da Lumion da burauza, domin burauza ma kan kama katin ba ka sani ba, sai ka cire shi ta alamar Nvidia da ke kusa da agogo. Ka kashe Fast Startup a Power Options, kuma kar ka bar injin ya yi barci da akwatin a jiki, nan ne katin ya fi ƙin farkawa. Idan wata rana ka canza laftof zuwa mai Thunderbolt 4, akwatin zai bi ka. Mai USB4 ta AMD, daga Ryzen 6000 zuwa sama, sai ka tabbatar ƙofar mai 40Gbps ce kuma tana ɗaukar PCIe. MacBook mai guntun M1 zuwa sama kuwa ba ta karɓar katin waje a macOS, ko da ƙofarta Thunderbolt ce.